Tambaya da Amsa: Tsohuwar Jita Mai Doro, Sassaƙarta da Jinyarta

Wasiƙun wannan karo yawancinsu a kan abu ɗaya suka taru: tsohuwar jitar nan mai ƙaton ciki da doro a fuska, wadda makaɗan jaz suka shahara da ita. Mun zaɓi bakwai daga Kumasi da Ankara ta Gana, mun rage tsawon wasu saboda fili.

Assalamu alaikum. Kakana ya yi kiɗa a wata ƙungiyar hailaif a nan Kumasi a shekarun 1960. Bayan rasuwarsa muka tarar da jitarsa cikin akwati a ƙarƙashin gado. Fuskarta da bayanta duk a kumbure suke, ba ta da zagayayyen rami a tsakiya, sai tsaga biyu masu kama da harafin f. A kanta an rubuta Höfner. Wani ya ce danshi ne ya kumbura ta, wani ya ce dukiya ce. Wanne zan kama?
*Mai karatu daga Aboabo, Kumasi*

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Kaka, ya sa ya huta. Wanda ya ce danshi ne bai san jitar ba. Da doronta aka yi ta.

Dabarar daga biyolin aka aro ta, gogen Turawa. Orville Gibson, wani masassaƙi a garin Kalamazoo na Amurka, shi ya fara sassaƙa fuskar jita da tudu a shekarun 1890. Amma siffar da ka gani a ƙarƙashin gadon nan ta tsaya ne a kan L-5 ta kamfanin Gibson, wadda Lloyd Loar ya tsara a 1922: tsaga biyu na f, dogon jaki wanda ba a manne shi ba, da wutsiyar ƙarfe mai riƙe tsirkiyoyi daga gindi. Faɗinta inci 16, kuɗinta dala 275. Abin da ya sa ta karɓu shi ne ƙara. Manyan ƙungiyoyin rawa na wancan zamani cike suke da ƙahonni da ganguna, babu amfilifaya, wato na'urar ƙara murya, jita mai shimfiɗaɗɗiyar fuska kuwa nutsewa take yi a cikinsu. Mai doro sautinta fita yake da sauri, ya sara, ya ɗauke, ba ya jan dogon amo. Wannan saran ne ya raba banjo da kujerarsa. Daga nan aka shiga tseren girma: Super 400 ta Gibson mai inci 18 a 1934, Emperor ta Epiphone ta ɗara ta kaɗan, Master 400 ta Stromberg a Boston ta kai inci 19. Freddie Green ya riƙe wa ƙungiyar Count Basie kiɗa da irin waɗannan daga 1937 har 1987, kusan duka ba tare da ya jona wuta ba.

A jitar da aka saba gani, tsirkiya a jikin jaki take ɗaure, tana fizgar fuskar. A mai doro tsirkiya wucewa take ta kan jaki zuwa wutsiya, sai ta danna shi ƙasa da nauyin da ya kai wajen kilo 15. Siririn katako a shimfiɗe ba zai ɗauki wannan ba. Doron shi ke ɗauka, kamar yadda bakan gizo ke ɗauke da rufin soro ba ginshiƙi a tsakiya.

Yadda ake yin ta ainihi: a tsaga katakon sifirus gida biyu, a buɗe shi kamar littafi, a haɗa tsakiya da gam ɗin fata, a sami allo mai kaurin kusan milimita 25. Sai a sassaƙe waje ya yi tudu, a rarake ciki. Ƙarƙashin jaki a bar kaurin milimita 5 zuwa 6, a yi ta ragewa har kusa da baki ya koma wajen 3. Dab da bakin akwai wani ɗan kwari da ake kankarewa a zagaye jikin duka. Shi ke sakar wa fuskar mara ta motsa. Masassaƙi yana yi yana ƙwanƙwasa allon da yatsa yana saurare, domin ba katako biyu da ke son kauri ɗaya. Baya da gefe na katakon mafal ne, shi ma bayan sassaƙa shi ake yi. A ciki akwai sanduna biyu da ke tallafe fuskar. In an jera su a tsaye kusa da juna, sautin ya fi duka da ƙara. In an gicciya su, ya fi laushi da jan amo. Gibson ta gwada gicciyen daga 1935, ta koma jerawa a 1939. John D'Angelico, wanda ya buɗe shagonsa a Niyok a 1932, ya yi jita dubu ɗaya da ɗari ɗaya da 'yan kai kafin rasuwarsa a 1964, da hannu, kuma har yau da nasa ake auna na kowa.

To amma ba kowane doro ne sassaƙaƙƙe ba, kuma a nan maganar dukiya take. Iri uku ne. Akwai sassaƙaƙƙe, wanda muka bayyana. Akwai dannanne: falle ɗaya na katako, a turara shi, a matse shi cikin mazubi ya lanƙwashe, haka Harmony da Kay na Shikago suka yi dubbai masu araha. Akwai kuma mai falle-falle, sirara uku ko fiye a manne. Ka duba bakin tsagar f da tocila. In ka ga layuka kwance bisa juna, mai falle-falle ce. In jijiyar katakon ta sauka daga sama har ƙasa ba yankewa, falle ɗaya ne. Sannan ka taɓa kaurin da yatsa: sassaƙaƙƙe ya fi kauri ta wajen jaki, ya sirance ta wajen baki, dannanne kuwa kaurinsa ɗaya ko'ina. In an naɗe bakin tsagar da farar roba, sai ka zura ƙaramin madubi irin na likitan haƙori ka gwada zanen ciki da na waje.

Höfner ta Jamus ce. Har zuwa 1959 Ingila ta taƙaita shigo da kayan kiɗan Amurka, don haka jitocin Jamus suka cika shagunan Landan ta hannun kamfanin Selmer. Ba abin mamaki ba ne ɗaya ta faɗo Kumasi a zamanin da su E.T. Mensah da Tempos ke tashe. Suna da daraja hawa-hawa: Congress da Senator a ƙasa, President a tsakiya, Committee a sama. Ko ta saman ba ta kai kuɗin tsohuwar L-5 ba, ba ta ma kusa. Jita ce mai kyau da ta cancanci gyara, amma kada iyali su fara rabon gado a kanta. Kada kuma ka ɗaure mata sababbin tsirkiyoyi sai ka karanta amsa ta biyar.

Malam, na kwance tsirkiyoyin jitata duka don in goge ta, sai jakin ya faɗo. Na mayar da shi amma yanzu kiɗan ba ya daidaita, in na hau sama sai ya karkace. Kafintan unguwarmu ya ce in kawo ya manne shi da gam.
*Wani makaɗi daga Nima, Ankara*

Ɗan'uwa, ka gode wa kafinta, ka riƙe jitarka. Jakin ba karyewa ya yi ba. Nauyin tsirkiya kaɗai ke riƙe shi, kuma haka ake so, domin katako yana motsi da yanayi, dole a riƙa gusar da jakin lokaci-lokaci. In aka manne shi, ranar da za a cire sai ya taso da fenti da tsokar katako.

Ka fara duba fuskar a haske. Tsohuwar jita takan nuna sawun ƙafafun jaki a fenti, ka ɗora shi a nan. In ba sawu, ka sami awo. Ka auna daga ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa a kai zuwa tsakiyar firet na 12 (firet su ne 'yan ƙarafan da ke gicciye a wuya), ka ninka biyu. A ES-175 ta Gibson za ka sami kusan milimita 629, a L-5 ta bayan 1935 yawanci 648. Nan ne bakin jaki zai tsaya, da ƙarin milimita 1.5 zuwa 2 ta wajen siririyar tsirkiya, da 3 zuwa 5 ta wajen mai kauri. Shi ya sa jaki ke ɗan karkacewa in ya zauna daidai. Yawanci zai faɗo kusa da 'yan tsagin tsakiyar f ɗin nan biyu, amma wannan manuniya ce kawai.

Ka ɗaure tsirkiya ta farko da ta shida, ka ja su su kai muryarsu. Ka kaɗa ta farko a sake, sannan ka danna ta a firet na 12 ka duba na'urar saiti, ko ta waya ce. In dannanniyar ta haura, tsirkiyar ta yi gajarta, ka tura jaki wajen wutsiya. In ta gaza, ka jawo shi wajen wuya. Ka sassauta tsirkiya kafin kowace turawa, ka ɗaga jakin da yatsu biyu, kada ka ja shi a kan fenti. Milimita ɗaya-ɗaya ake tafiya. In ta farko ta zauna, ka riƙe wannan gefen ka yi wa ta shida haka. Jakin katako na da an yanka shi ne don tsirkiya ta uku mai naɗi. In ka sa mata marar naɗi, za ta riƙa haurawa ko me ka yi.

Tunda jakin yana hannunka, ka duba zamansa. In takarda tana shiga ƙarƙashin ƙafarsa, sauti na zubewa a nan. Ka shimfiɗa sanfefa mai lamba 150 a kan fuskar jitar, ƙaiƙayin yana kallon sama, ka shafa fensir a tafin jakin, ka riƙa goga shi gaba da baya a taƙaice har baƙin fensir ya ɓace ko'ina. Nan gaba kuma ɗaya-ɗaya ake canza tsirkiya.

Ɗana ne ya aiko wa mahaifinsa tsohuwar jita daga Jamus. Lafiya lau take duk damina, amma cikin Janairu muka ji ƙas da dare, da safe sai ga tsaga daga ƙasan ramin f zuwa gindi. Mun sayi sufa gulu, sai na ce a tambaya tukuna.
*Wata Hajiya daga Asawase, Kumasi*

Hajiya, tambayar nan da kika sa aka yi ta ceci jitar. Hunturu ne ya tsaga ta. Waɗannan jitoci an haɗa su ne a ɗakin da danshin iskarsa ke tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari. A Kumasi da damina yakan wuce kashi 80, katako ya sha ya buɗe. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar arewa ta sauko, danshi ya faɗi ƙasa da kashi 40 cikin 'yan kwanaki. Fuska mai faɗin inci 16 tana iya tsukewa da milimita 3 ko fiye, alhali gefuna sun riƙe ta ba ta da wurin zuwa. Sai ta yage ta inda ta fi rauni, wato ƙarshen tsagar f. Saurin canjin ya fi yawan bushewar ɓarna.

Yau ɗin nan a sassauta tsirkiyoyi. Kada kowa ya shafa tsagar da yatsa, maiƙon hannu da ƙura suna hana gam kamawa, su bar baƙin layi. A sami kwanon sabulu mai murfi, a huda murfin, a sa soso da aka jiƙa aka matse sosai, a ajiye cikin akwatin jitar ta wajen kai inda ba zai taɓa katako ba, a rufe. Cikin mako guda yawancin irin wannan tsaga takan haɗe bakinta da kanta. Sannan mai gyara ya tura gam ɗin fata mai ɗumi ko gam ɗin katako mai ruwan ɗorawa cikin tsagar, ya daidaita gefen biyu. Ta ciki kuma ya manna 'yan faci na sifirus, faɗin santimita 1, kaurin milimita 2, jijiyarsu a gicciye da ta fuskar, tazarar santimita 3 zuwa 4. Tunda hannu ba ya shiga, ta tsagar f ake zura su, a riƙe da maganaɗisu ciki da waje. Sufa gulu yana narkar da tsohon fenti, yana bushewa kafin a daidaita gefen, kuma ba ya warwaruwa. Gam mai haɗi biyu ya fi shi muni.

Don gaba, a sayi ƙaramin ma'aunin danshi mai batir a ajiye a akwatin. Da hunturu soso, da damina ƙunshin silika giram 50 zuwa 100, irin farin tsakuwar nan da ake samu cikin kwalin sabon takalmi. In ta ƙoshi da ruwa a gasa ta a murhun burodi mai zafin digiri 120 kamar awa biyu, ta koma aiki. Kada a haɗa soso da silika lokaci ɗaya. Kada a jingine jita gaban na'urar sanyaya ɗaki, ko jikin bangon da rana ke duka. But ɗin mota da rufin trotro su ne mafi haɗari: gam ɗin da ke riƙe da jita yana iya saki a wajen digiri 60, mota a rufe cikin rana kuwa tana iya kaiwa can. Masu zama bakin teku, Teshie ko Jamestown, su ƙara da goge ƙarafa da busasshen tsumma bayan kowane kiɗa, saboda gishirin iska.

Yaya, na buɗe akwatin jitata bayan wata shida sai na ji wani wari mai yaji. Garkuwar da ke ƙasan tsirkiyoyi ta yi zufa ta fara farfashewa, ƙarafan kusa da ita sun yi kore.
*Ɗalibin kiɗa daga Madina, Ankara*

Ƙanena, ka cire garkuwar nan yau, kada ka kwana da ita. Da selulod aka yi ta, robar farko-farko, kuma in ta tsufa ruɓewa take, tana fitar da tururin asid. Shi ya cinye maka firet da sukurori, zai kuma ci fikof (na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya zuwa amfilifaya) da fenti da ƙyallen akwatin. Rufaffen akwati da zafi da danshi suna hanzarta shi, kuma in ya fara ba ya tsayawa. Ba fenti ko man da ke warkar da shi.

Kafin ta wargaje ka zana siffarta a kwali da wuraren sukurori. Ka ajiye ta can nesa a sarari, ba cikin leda ba, ba kusa da wuta ba, don selulod kamawa yake kamar fetur. Ka bar akwatin a buɗe a inuwa na makonni. Tsirkiyoyin ka zubar. Firet a goge su da lallausar wayar goge ƙarfe, bayan an rufe fikof da salatif don kada ɓurɓushi ya manne wa maganaɗisunsa. Sabuwar garkuwa a yanka ta daga robar akirilik ko katakon kanya mai kaurin milimita 3. Ka duba farar robar da ta zagaye bakin jikin ita ma, tsofaffin Gretsch da Epiphone na Niyok sun yi suna da wannan ciwo.

Tunda ana maganar fenti: na waɗannan jitoci naitiro ne, siriri, ba ya shiri da turare, tina, giya, ko man korar sauro da ake shafawa a hannu. Igiyar rataya ta roba da matattarar jita mai roba suna narka shi su bar tabo. Tsumman auduga mai ɗan danshi ya isa. 'Yan tsage-tsagen da ke fentin kamar saƙar gizo ba lalacewa ba ce, kuma sake fenti yana zubar da kusan rabin kuɗin tsohuwar jita.

An nuna mini wata cikin kayan gwanjo da aka sauke a Tema. An rubuta Gibson a kai, mai ita yana son kuɗi da yawa. Tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya, ya ce ƙarfen ciki kawai za a ɗaure. Me zan duba?
*Mai karatu daga Sabon Zango, Ankara*

Ka tafi da rula ta ƙarfe, tocila, ƙaramin madubi da takarda. Sunan da ke kai shi ne abu na ƙarshe da za ka duba.

Fara da tsayin tsirkiya. A firet na 12, daga saman ƙarfen zuwa ƙasan tsirkiya, ana son kusan milimita 2 a mai kauri, 1.6 a siririya. Sai ka kalli jaki. Yana da ƙafafun sukuru biyu masu faifai da ake murzawa ya hau ko ya sauka, kuma don a rage milimita 1 a firet na 12 sai an sauke jaki milimita 2. Lafiyayyen jaki tsayinsa daga fuskar jita wajen milimita 25 ne, da sauran wurin sauka. In faifan sun riga sun kai ƙasa, ko an fafe jakin ya zama guntu, tsirkiya kuma har yanzu ta haura milimita 3, to wuyan ne ya tashi daga mazauninsa. Tsirkiyoyi masu kauri suna jan wuya da fiye da kilo 70, shekara da shekaru. Ka gwada zura takarda tsakanin dundunniyar wuya da jiki; in ta shige, haɗin ya saki.

Maganar mai kaya ba daidai ba ce. Ƙarfen cikin wuya lanƙwasar wuyan kaɗai yake gyarawa, ba kusurwarsa ba. Gwajinsa daban: ka danna tsirkiya ta shida a firet na 1 da na 14 tare, ka duba tazara a na 7. Milimita 0.2 zuwa 0.3 ake so, kaurin katin gaisuwa. In ta fi haka, a sassauta tsirkiya, a ɗaure notin kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, a jira kwana ɗaya. In ya cije a bar shi, don karyewar ƙarfen nan babbar asara ce. Masu araha da yawa na Harmony da Kay, da Höfner na kafin wajen 1960, ba su da ƙarfen da ake murzawa sam. Wuyan da ya tashi kuwa sai an cire shi da tururi, a rage dundunniyar, a mayar. Aikin gwani ne, ka cire kuɗinsa daga farashi ko ka haƙura.

Sai fuska. Ka kalle ta daga gefe. In ta lotsa a ƙarƙashin jaki, ko leɓen tsagar f na ciki ya nutse ƙasa da na waje, sandar ciki ta saki ko ta karye. Madubi zai nuna maka. Ƙwanƙwasa da yatsa ma yakan tona, sakakkiyar sanda tana kaɗawa. Ka duba bayan kai da tocila, nan Gibson ke yawan karyewa in ta faɗi. In ka ga 'yan ƙananan huji da garin katako cikin akwati, ƙwaro ya shiga.

Yanzu sunan. Murfin ƙarfen wuya na Gibson siffar ƙararrawa ne da sukuru biyu. Jabu yawanci uku ne. A ƙarƙashinsa notin tagulla ne mai kusurwa shida wanda sufana mai inci 5/16 ke kamawa, ba rami na makullin alan ba. Takardar shaida tana ciki, ana hango ta ta tsagar f ta sama. Amma takarda da tambari ana buga su, don haka ka ɗauki hoton ciki da waje ka nuna wa wanda ya riƙe ta gaske kafin ka ƙirga sidi ko ɗaya. In kuma niyyarka ka fitar da ita waje ka sayar, ka sani cewa allon wuyan tsofaffin Gibson da yawa katakon rozwud na Barazil ne, wanda CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da itatuwan da ke barazanar ƙarewa, ta sa a jerinta na farko tun 1992. Ba ya tsallaka iyaka sai da takarda.

Muna kiɗan biki. Da na ƙara murya sai jitar ta kama kuka, ba ta bari. Wani ya ce in huda fuskar in sa fikof biyu manya. Kuma amfilifayar da na saya ta Amurka ce, tsohuwa.
*Makaɗi daga Alabar, Kumasi*

Kukan daga kyawunta ne. Fuskar da aka sassaƙa don ta motsa da tsirkiya, tana motsawa da iskar lasifika ma, fikof ya ɗauka ya mayar, abu ya yi ta zagayawa. Tun da Gibson ta fito da ES-150 a 1936, wadda Charlie Christian ya yi suna da ita, ake fama da wannan. Shi ya sa ES-175 ta 1949 aka yi ta da falle-falle da gangan, kuma Joe Pass da Jim Hall ba su raina ta ba. A 1958 aka zo da ES-335 mai gungumen katako a tsakiyar ciki. Ga mai kiɗan biki kusa da ganguna, waɗannan sun fi sassaƙaƙƙiya amfani nesa ba kusa ba.

In taka sassaƙaƙƙiya ce, kada ka huda. Ramin fikof yakan faɗa daidai kan sandunan ciki, in an yanke su fuskar ta lotsa. Akwai fikof mai shawagi, irin DeArmond na da, wanda ake ɗaurewa a garkuwa ko ƙarshen wuya ba ya taɓa fuskar. Maɓallin murya ma a garkuwa yake zama. Don rage kuka: ka ajiye amfilifaya ta gefen wuyan jitar, a bayanka, kada ta fuskanci cikin. Ka ɗaga ta kan kujera. Ka rage bes, domin daga ƙananan muryoyi kukan ke farawa. In bai isa ba, ka yanka soso mai tauri daidai tsagar f ka toshe su. Tsirkiyoyi masu sumul, lamba 12 ko 13, su ke ba da muryar jaz ɗin nan mai duhu, kuma ba sa ƙara in yatsa ya zame.

Amfilifayar ta fi jitar gaggawa. Wutar Gana bolt 230 ce, ta Amurka 120. Ka jona kai tsaye, taransifoma ta ƙone nan take. Ka nemi mai sauke wuta wadda ƙarfinta ya ninka abin da aka rubuta a bayan amfilifayar sau biyu. Masu kayan lantarki na Adum suna da ita, a Ankara kuma Zongo Lane. In filoginta mai ƙafa biyu ne, mai gyara ya canza shi zuwa uku da wayar ƙasa, ya cire tsohon kafasitan da ke haɗa layin wuta da jikin ƙarfen. Tsirkiyoyinka a haɗe suke da jikin nan, kuma leɓenka yana kusa da makirufo.

Ni kafinta ne, ina son in gwada sassaƙa ɗaya. Katakonmu na nan zai yi?
*Wani kafinta daga Sokoban, Kumasi*

Masta, zai yi, in ban da fuska da za ta ba ka wahala. Baya da gefe da wuya, mahogani na kurmin nan, ɗan'uwan maɗaci, ya wadatar. Wuyan ES-175 ma mahogani ne. Sapele ma yana yi, sai dai ya fi nauyi kuma jijiyarsa na yi wa ruka gardama. Allon wuya da jaki da wutsiya, baƙar zuciyar kanya. Maɗobiya tana da kyau, amma tana cikin jerin CITES na biyu tun 2017, ka tabbatar da halaccin wadda za ka saya.

Fuska tana son katako marar nauyi mai taurin tsaye, abin da sifirus ya fi kowa. Wawa ba shi da nauyi, amma bai kai shi tauri ba, kuma ƙwaro na son sa. Ka yi ta farko da shi don hannu ya saba, ka bar kaurin ya ɗara da kamar milimita 1, ka jera sandunan a tsaye. Robert Benedetto ya taɓa yin ɗaya da katakon gini mai ƙulli-ƙulli a 1993 don ya nuna yawan abin da sassaƙa ke yi, ta kuwa yi sauti. Ka zaɓi allon da zoben shekarunsa ke tsaye a kan kauri, ba kwance ba. Ka shanya shi a inuwa shekara guda aƙalla. Gefuna ka sirance su zuwa milimita 2 zuwa 2.5 kafin ka lanƙwasa a kan bututu mai zafi. Haɗa jikin kuma ka bari sai hunturu, lokacin da katakon ya tsuke iyakarsa: wadda aka rufe a bushe kumbura kawai za ta yi da damina, wadda aka rufe da damina ita ce ke tsagewa a Janairu.